Launin Shiru: Sharhi a Kan Jadawalin da Kwamfuta ke Rinawa

 

Bari in fara da abin da kusan kowane gida ya sani. Zangon karatu ya ƙare, yaro ya dawo daga makaranta da takardar sakamako. Uban bai yi boko ba, amma ya karɓi takardar, ya warware ta, ya bi ta da ido daga sama har ƙasa. Jan biro yake nema. In ya ga shuɗi kaɗai, sai ya ce Allah ya yi albarka. In ya ga ja a wuri biyu, sai ya ɗago kai ya ce, "Kai, zo nan. Wannan na mene ne?" Malamin da ya sauya biro ya yi wa uban nan tafinta ba tare da ya buɗe baki ba. Dama Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Sharhinmu na yau a kan jikan wannan jan biro ne, wato jadawalin da ake ginawa a cikin manhajar kwamfuta, mai gida-gida kamar ramukan dara, wanda kowane gida ke sauya launi da kansa gwargwadon alƙaluman da suka shigo masa. Wanda ya taɓa shiga ofishin kula da lafiya matakin farko, ko ɗakin da ake bitar aikin rigakafi, ko ofishin ilimi lokacin ƙidayar ɗalibai, ya gan shi a bango ko a fuskar kwamfuta: nan kore, can rawaya, can gefe ja. Shugaba ya shigo, ya yi masa kallon minti ɗaya, ya yanke hukuncin inda mota za ta nufa da inda za a kai magani. Tunda abin ya kai ga haka, ya kamata mu san yadda ake ɗinka shi, mu kuma san inda ɗinkin ke yagewa.

Kada wani ya ɗauka rina bayani da launi baƙon abu ne a wurinmu. Ku ɗauko Alƙur'ani rubutun hannu irin na alarammominmu ku duba. Baƙaƙe da baƙar tawada, wasulla da ja, hamza ɗigon ruwan ɗorawa, alifin da ake sadarwa kuma ɗigon kore. Almajirin da ya saba, kafin idonsa ya gama sauka a kan kalma, launi ya riga ya gaya wa harshensa abin da zai yi. Shi ma jadawali mai gida-gida ya daɗe a ƙasar Hausa. Malam Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, mutumin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi rubutu a 1732 kan yadda ake jera lambobi a gidajen hatimi har kowane sahu ya ba da jimla ɗaya. Mu da muke da 'Yandoto a ƙasar Tsafe, garin malamai tun kafin jihadi, ba mu da dalilin jin tsoron lamba a cikin gida.

Can a Faransa kuma, a 1873, wani ma'aikacin ƙididdiga mai suna Toussaint Loua ya jera unguwanni 20 na birnin Paris a jadawali guda, ya rina gidajen daga mai haske zuwa mai duhu, don mai kallo ya gane inda abu ya yi yawa da inda ya yi ƙaranci. Nasa a takarda yake, in an buga an buga ke nan. Abin da kwamfuta ta ƙara shi ne motsi. Ka sauya lamba ɗaya yanzu, launin gidanta ya sauya kafin ka ɗauke yatsa.

To yaya ake gina shi? Zan ɗauki misalin da ya taɓa mu a jika. A ƙarshen 2016 cutar sanƙarau ta ɓulla a jihar nan tamu ta Zamfara, ta ci gaba har tsakiyar 2017, ta bazu zuwa Sakkwato da Katsina da Kebbi da Neja. A faɗin ƙasa, waɗanda aka yi zaton sun kamu sun haura 14,000, waɗanda suka rasu sun haura 1,100, kuma Zamfara ce ta fi kowace jiha jin jiki. Allah ya ji ƙan waɗanda suka riga mu. Masu nazarin annobar daga baya sun nuna cewa jinkirin isar rahoto yana cikin abubuwan da suka ba ta damar yaɗuwa. Irin wannan jinkiri ne ake gina jadawalin launi don a rage.

Mu ɗauka yaro ne ko yarinya da ta karanta ilimin kwamfuta a Jami'ar Tarayya ta Gusau, ko a kwalejin kimiyya da fasaha ta Ƙauran Namoda, aka ce ta gina mana jadawalin sa ido kan sanƙarau. Abu na farko da za ta yi shi ne shata filin, kamar manomi yana fitar da kunya. A sahun kwance za ta jera mazaɓu: Mada, Wonaka, Magami, Bilbis, 'Yankuzo, Kwatarkwashi, Nahuce, da sauransu. A sahun tsaye za ta jera makonnin shekara. Inda mazaɓa ta haɗu da mako, nan ne gida ɗaya. Jihar nan tana da ƙananan hukumomi 14 da mazaɓu 147. Ka ninka 147 sau makonni 52, ka sami gidaje 7,644. Babu ɗan Adam da zai zauna ya karance lambobi dubu bakwai da ɗoriya ya fito da hankalinsa a wuri ɗaya. Amma ka rina su, ido zai hango jan ɗigo guda a cikinsu kamar yadda ake hango jar hula a sahun Idi.

Abu na biyu shi ne geji, wato iyakar da in lamba ta tsallaka launi zai sauya. Ita mai ginin ba ta da hurumin ƙirƙiro wannan daga kanta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta riga ta ajiye ma'auni ga ƙasashen da sanƙarau ke addaba. A yankin da mutanensa suka kai 30,000 zuwa 100,000, in aka sami mutum 3 a cikin kowane 100,000 da ake zaton sun kamu a mako guda, an shiga matakin faɗakarwa. In suka kai 10 a cikin 100,000, an shiga matakin annoba. Mu sauƙaƙa lissafin. Mazaɓa mai mutum 50,000, in mutum 2 suka kwanta a mako, daidai yake da 4 a cikin 100,000, gidanta ya zama rawaya. In mutum 5 suka kwanta, ya kai 10, gidanta ya zama ja.

Abu na uku shi ne sharaɗin da za ta rubuta wa kwamfuta. Da za a faɗe shi da Hausa, ga yadda zai kasance: "Bi gidajen nan ɗaya bayan ɗaya. In lambar da ke ciki ta kai goma, rina shi ja. In ba ta kai goma ba amma ta kai uku, rina shi rawaya. In ba ta kai uku ba, rina shi kore." Shi ke nan. Kwamfuta ba ta gajiya, za ta bi gidaje dubu bakwai ta rina su kafin ka kurɓi shayi. Su launukan ma a wurinta lambobi ne. Kowane ɗigo a fuskar waya ko kwamfuta haɗin haske uku ne, ja da kore da shuɗi, kowanne yana da mataki daga 0 zuwa 255. Ka cika ja ka kashe sauran biyun, ka sami ja zur. Ka cika ja da kore tare, ka sami rawaya. Wanda ba zai rubuta manhaja daga tushe ba, Excel da Google Sheets suna da wurin da ake saka irin wannan sharaɗi. Manhajar DHIS2 ma, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norwe ke jagorantar ginawa, kuma wadda Najeriya ke tara rahotannin asibitocinta a ciki, tana da wurin da ake gaya mata wace lamba ce za ta ɗauki wane launi.

In yanzu kuka buɗe akwatin rediyonku, muna magana ne kan jadawalin kwamfuta mai sauya launi, yadda ake gina shi, da yadda yake iya ruɗin mai kallonsa. Yanzu kuma mun zo gaɓar da ta sa na kawo wannan batu.

Ku sake sauraron sharaɗin nan da na karanto. "In ba ta kai uku ba, rina shi kore." To idan gidan babu komai a ciki fa? Idan ma'aikacin lafiya na wannan mazaɓa bai aiko da rahoto ba a wannan mako? A Excel, in ka ce a rina duk gidan da lambarsa ta gaza uku, gidan da ba a rubuta komai a cikinsa ba ana ɗaukarsa sifili ne. Sifili kuwa bai kai uku ba. Sai kwamfuta ta rina shi kore shar. Mazaɓar da ta aiko cewa "mun duba, babu wanda ya kamu," da mazaɓar da ba a ji ɗuriyarta ba sam, sai su sanya riga iri ɗaya.

A wata ƙasa wannan ƙaramin kuskure ne. A Zamfara ba ƙarami ba ne, domin mun san dalilin da ke sa rahoto ya ƙi zuwa. Akwai ƙauyen da 'yan bindiga suka tare hanyarsa. Akwai ɗakin shan maganin da aka rufe saboda ma'aikacin ya tsere da ransa. Akwai wurin da sai an hau tudu kafin waya ta kama. Kun tuna farkon Satumbar 2021, lokacin da aka katse layukan sadarwa a faɗin jihar nan saboda matsalar tsaro, abin ya ɗauki makonni. Duk jadawalin da aka gina da irin wancan sharaɗi, a makonnin nan da zai nuna jiha lafiya lau daga Gummi har Tsafe. Wurin da ya fi kowane wuri shiga uku, shi ne wanda muryarsa ta fi wuyar fitowa, shi ne kuma jadawali marar hankali zai fi yi wa shaidar lafiya.

Na taɓa zama a wani ofishi, ba sai na kama suna ba, ana nuna wa baƙi irin wannan jadawali a bango. Kore ya mamaye shi, mai gabatarwa yana murmushi, baƙi suna gyaɗa kai. Sai wani dattijo direba da ke tsaye bakin ƙofa ya matso kusa da ni ya yi mini raɗa, ya ce, "Malam, wancan garin da ke sahu na huɗu, wata biyu ke nan rabon da in iya kai mota can." Babu wanda ya yi ƙarya a ɗakin nan. Mai gabatarwa ya faɗi abin da kwamfuta ta nuna masa, kwamfuta ta yi abin da aka umarce ta, wanda ya rubuta umarnin kuma bai taɓa kawowa a ransa cewa gida zai iya zuwa fanko ba. Direban nan ya fi kowa a ɗakin sanin gaskiyar sahu na huɗu, amma jadawalin ba shi da gidan da zai ɗauki abin da ya sani.

Maganin abin layi ɗaya ne, sai dai dole ya zo a farko. Kafin kwamfuta ta tambayi ko lamba ta kai goma ko ta kai uku, ta fara tambaya: "An aiko da rahoto kuwa?" In ba a aiko ba, ta rina gidan toka-toka, ta wuce. Shiru ma magana ce, saboda haka a ba shi nasa launin. Kuma a koya wa ma'aikata cewa in sun duba ba su sami kowa ba, su rubuta sifili da hannunsu su aiko, domin sifilin da mutum ya rubuta shaida ce, gidan da aka bari fanko kuwa tambaya ce da ba a amsa ba.

Manyan da suka daɗe a wannan sana'a sun san da haka. Ku dubi taswirar ƙarancin abinci da ake kira Cadre Harmonisé, wadda ƙungiyar CILSS ta ƙasashen Sahel ke jagoranta, kuma wadda Zamfara ke cikin jihohin da ake yi wa ita tun 2015. Sau biyu a shekara ake zama, wajen Maris da kuma wajen Oktoba ko Nuwamba, a duba amfanin gona, da farashin hatsi, da yanayin cimar yara, a rina ƙananan hukumomi da launi biyar. Kore, ana cin abinci daidai gwargwado. Rawaya, an fara matsuwa. Ruwan goro, an shiga halin ƙunci. Ja, halin gaggawa. Ja mai duhu, yunwa ta kai intaha. A irin waɗannan taswirori, yankin da ba a sami isasshiyar hujja a kansa ba, ko wanda ba a yi nazarinsa ba, ba a ba shi kore. Ana ware shi da tasa alamar, don kada mai kallo ya yi masa zaton alheri a banza.

Akwai wani darasi kuma a cikin wannan taswira. Ƙa'idarta ita ce ana ba yanki launin wani mataki ne in aƙalla kashi 20 cikin 100 na mutanensa sun kai wannan mataki ko sun wuce shi. Ke nan ƙaramar hukuma za ta iya fitowa rawaya alhali a cikinta akwai dubban mutane da halinsu ja ne, sai dai ba su kai kashi 20 ba. Bungudu ba gida ɗaya ba ce. Wanda ke bakin titin Gusau zuwa Sakkwato da wanda ke can cikin daji, ba tukunya ɗaya suke ci ba. Shi ya sa jadawali mai kyau yake barin ka danna gidan ƙaramar hukuma ya buɗe maka mazaɓunta, ka danna mazaɓa ta buɗe maka garuruwanta. Launin sama taƙaitawa ce, duk taƙaitawa kuwa sai ta haɗiye wani.

Sai maganar yawan jama'a, wadda kowane lissafin "kaza a cikin dubu ɗari" ya jingina a kanta. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe da aka yi a Najeriya a 2006 ce. Tun daga lokacin ƙiyasi ake yi, a ɗora kaso a kan tsohuwar lamba kowace shekara. Ƙiyasin nan bai san cewa wani ƙauye ya watse, mutanensa sun tare a Gusau ko a cikin garin Tsafe ba. Ka raba majinyatan ƙauyen da rabin mutanensa suka gudu da tsohon adadi, lambar za ta fito ƙarama, gidan ya yi kore. Ka je garin da suka tare, ka lissafa yaran da aka yi wa rigakafi da tsohon adadi, sai ka ga an ce an yi wa kashi 120 cikin 100. Duk inda kuka ga lamba ta wuce ɗari bisa ɗari, ku sani mudun awon ne ya lotse. Mai ginin kirki zai ba irin wannan gida wata alama ta daban, ba zai bar shi ya shige cikin kore ana tafa masa ba.

Yanzu ga 'yan shawarwari gare ku matasa masu wannan sana'a, ƙannena da 'ya'yana. Kada ku rina gida da hannu. Wanda ya zaɓi gida ya shafa masa ja da kansa, gobe lamba za ta sauya ja ya zauna daram yana ƙarya. Ku bar sharaɗi ya yi rinin. Kada kuma ku binne gejin a can cikin rubutun manhaja inda sai ku kaɗai za ku iya tono shi. Ku ajiye shi a ɗan jadawalinsa daban, a fili, a rubuta wanda ya sa shi da ranar da aka sa, domin in hukuma ta sauya ma'auni a gyara a wuri ɗaya. Ku yi hattara da rinin nan na sauƙi da ke ba lamba mafi ƙanƙanta kore, mafi girma ja, ba tare da geji ba. Shi wannan, ko duk mazaɓu na cikin wuta, sai ya sami wadda ta fi dama ya rina ta kore. Kuma ku sa jadawalin ya ƙaru da kansa. In an buɗe sabon ɗakin shan magani, sahu ya ƙaru ba sai an nemo ku a waya ba.

Ku rubuta lambar a cikin gidan, kada ku bar launi shi kaɗai. Dalili biyu ne. Na farko, akwai mutane, galibi maza, da idonsu ba ya bambance ja da kore sosai, haka aka haife su, wasunsu ma ba su san suna da wannan ba. Na biyu kuma, kun san halinmu. Za a kai takardar shagon fotokwafi a buga ta baƙi da fari, ja da kore duk su koma toka, a raba wa mahalarta taro suna juya ta ba su san gabanta da bayanta ba. Ku sa ɗan harafi ko alama a gefen lambar. Ku taƙaita launuka, huɗu ko biyar sun isa, jadawali ba atamfar biki ba ce. A saman shafi kuma ku rubuta ranar da sa'ar da bayanan suka shigo, manya-manya, domin koren makon jiya bai san abin da ya faru daren jiya ba. Inda waya ba ta kamawa, akwai manhajoji irin su KoboToolbox da ke bari a cike fom a ajiye a cikin waya, in an fito inda layi yake ya tafi da kansa. Rahoton da ya zo a makare, a karɓe shi, amma a nuna cewa a makare ya zo.

Ku kuma shugabanninmu, ranku ya daɗe, akwai taku. In duk lokacin da gida ya yi ja sai a kira ma'aikacin a wanke shi tas a gaban jama'a, to ku sani kuna koya masa yadda ake gyara lamba ne. Wata uku ba za a yi ba, jadawalinku zai koma kore fes, cuta kuma tana nan tana cin mutane. Wanda ya aiko da ja ya taimake ku, shi ya kamata a fara yi wa godiya a kuma fara kai wa ɗauki. Kafin a kunna jadawali a bango, a zauna a rubuta: in gida ya yi rawaya wa zai ɗaga waya, in ya yi ja wa zai tashi mota kuma cikin awa nawa, in ya yi toka mako biyu a jere wa zai nemo labarin garin, ko ta bakin hakimi, ko ta bakin direba, ko ta bakin mutanen da suka zo cin kasuwa.

Iyayenmu mata sun riga mu fahimtar wannan. Kun san ɗan tef ɗin nan da ake naɗa wa yaro a damtse don gano tamowa, na yara daga wata 6 zuwa ƙasa da shekara 5. In damtsen ya gaza santimita 11 da rabi, ja ne. Daga nan zuwa 12 da rabi, rawaya. In ya kai haka ko ya wuce, kore. A Najeriya da Nijar an koya wa uwaye da yawa auna 'ya'yansu da kansu. Abin da ya sa wannan ɗan tef ya yi albarka shi ne kowane launi yana ɗauke da aiki. Uwa ta ga ja, ta san goyo za ta yi ta nufi asibiti yau ɗin nan. Kuma babu uwar da za ta ce ɗanta kore ne alhali ba ta naɗa masa tef ɗin ba.

Ku jama'a masu saurare da ba ku taɓa kwamfuta ba, kada ku ce wannan zancen 'yan boko ne. Sunan garinku yana cikin wani sahu a wani jadawali, a Gusau ko a Abuja, kuma launin da aka ba shi yana da hannu a kan ko allurar rigakafi za ta iso ku, ko buhun abinci zai tsaya a wani gari. Kansila, mai unguwa, limami, shugabar mata, duk wanda aka gayyata taro aka nuna masa irin wannan allo, yana da damar ya ɗaga hannu ya yi tambaya uku cikin ladabi. Wa ya sa gejin? Yaushe bayanan nan suka shigo? Garuruwa nawa ne ba su aiko da komai ba, kuma wane launi kuka ba su?

Mu koma wurin uban nan da muka bari riƙe da takardar sakamako. Ya gama duba ja, ya gama duba shuɗi. Sai idonsa ya faɗa kan wani layi da malami bai rubuta komai ba, fili fetal. Ba zai ce Allah ya yi albarka a kan wannan layi ba. Zai sa yatsa a wurin ya ce, "Wannan fa? Ba ka zauna jarrabawar ba ne, ko ina ka tafi ranar?" Bai san Excel ba, bai san DHIS2 ba, amma wannan tambaya tasa ita ce layin farko da ya kamata kowane mai gina jadawali a Zamfara ya rubuta wa kwamfutarsa.

Nan za mu dasa aya a sharhinmu na yau. Allah ya ba mu lafiya da zaman lafiya, ya buɗe hanyoyin garuruwan da aka daina jin labarinsu.